Muryar Malam Tana Ciki

Malam, maigidana, bai fara hadda ba sai da furfura ta cinye masa gemu. Ni kuwa ba abin da nake yi sai dariya. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin gonar riɗi da kasuwar hatsi, yanzu da gwiwa ta fara ƙara shi ne zai tashi ya ce sai ya zuba karatu a ka. In na tsokane shi sai ya ce, "Gemu ba ya hana ilimi." In ce masa, "Ba ya hanawa, amma yana hana ni barcin rana."

A Zandam muke, ƙasar Gwaram, ni da shi kaɗai a sashenmu. Allah bai ba mu haihuwa ba. Dangi sun yi surutunsu har sun gaji sun bari, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Na koyar a firamaren garin har na ajiye aiki, na dawo tsakar gida, daga ni sai kaji sai shi.

Wata shekara riɗi ya yi kyau, ya je Birnin Kudu ya dawo da babbar waya irin ta shafawa. Wanda ya sayar masa shi ya haɗa masa komai a rumfa, ya buɗe masa asusun da wayar ke nema, ya sa masa lambar sirri, ya miƙo masa. Haka kowa ke yi a wajenmu, wa zai tsaya tambayar abin da aka rubuta? Na ce masa, "Malam, me za ka yi da wannan faranti?" Ashe da dabararsa. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar tsakar gida, ya jingina wayar da buta, ya karanta haddarsa tana ɗauka. Washegari a hanyar gona ya saurara, ya kama kurakuransa da kansa, don ya ce kunyar malamin zaure yake ji, wai sa'an ƙaninsa ne.

Wayar ba ta san karatu daban, hayaniyar gida daban ba, duk abin da ta ji kwashewa take. Ana jin tarinsa, ana jin inda yake tsayawa ya ce astagfirullah ya koma baya. Ana jin turmi, ana jin zakara. Ana jin ni ma. Wani lokaci ya kira ni ya kunna mini yana murmushi: "Ji ki nan, Malama. Kin faɗo tsakiyar aya da maganar daddawa." In ce to ai daddawar ce ta ƙare, ko miyar ma haddace ta za mu yi?

Akwai kuma ƙararrawar da ya sa wa kansa saboda maganin hawan jini, don mantuwa gare shi. Tana bugawa da la'asar sakaliya, sau da yawa yana tsakiyar karatu. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Likita ya kira." In kawo masa ruwa a moɗa.

Shi ya kama babban yatsana wata rana ya yi ta dangwala shi a bayan wayar har ta san ni. Daga ranar nan, da na taɓa take buɗewa. Lambar sirrin kuwa ban taɓa tambaya ba. Wa ke tambayar mabuɗi alhali mai ɗaki na zaune? Tawa wayar ƙarama ce mai tocila, ta kira da amsawa, ta ishe ni.

Rasuwarsa ba ta ba da sanarwa ba. Da kaka ne, ana yankan riɗi, ya faɗi a gona da hantsi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa haddar nan da ya yi ta fama da ita ta cece shi.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Ni ina ƙuryar ɗaki, wayar tana ƙarƙashin mayafina. In mata suka ɗan ragu sai in dangwala yatsa, in rage sauti, in kara ta a kunne. Masu shigowa su ga bakina na motsi su ce baiwar Allah tana ta tasbihi. Ba tasbihi nake ba, bin sa nake yi. Kukan da na kasa yi a gaban mutane, a nan nake yin sa, daidai inda yake tari.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, yayansa ya yi sallama a bakin ƙofata. Yaya Alhaji muke ce masa, shi ne babba a gidan. Kada wani ya ɗauka mugu ne ko mai kwaɗayi, wallahi ba haka ba ne. Mutum ne mai tsoron haƙƙi har abin ya yi masa yawa, irin wanda in akuyar maƙwabci ta yi kashi a gonarsa sai ya je ya nemi yafiyar takin. Tun safe yake tattara kayan ɗan'uwansa: babur, buhuna, agogo, har tabarau. Ya tsaya bayan labule ya ce:

"Malama, ya haƙuri? An ce waya tana wajenki."

Na ce, "Tana nan, Yaya."

"To, kayan mamaci ba na kowa ba ne sai an raba. Ko katin da ke cikinta akwai haƙƙin magada. Kada mu ɗora masa nauyi a kabari, mu ma mu ɗora wa kanmu."

Me zan ce? Yayan miji ba a musu da shi, balle ina cikin takaba, balle kuma gaskiya ya faɗa. In ce masa ba katin nake ci ba, muryar ƙaninka nake ji? Bakina ba zai iya furta wannan a gabansa ba ko za a yanka ni. Na tura wayar ta ƙarƙashin labule. Sai na ji ɗan kiɗan nan da take yi in za ta mutu. Ya ce, "Na kashe ta, kada batir ya lalace kafin lokacin." Ya kai ta akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo.

Takaba ta koya mini abin da ban sani ba game da shiru. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, kowa ya koma sussukarsa. La'asar ce ta fi yi mini nauyi. In zauna ina kallon gindin darbejiya, buzun ma an haɗa da shi cikin kayan gado. Da farko in na rufe ido ina iya kiran muryarsa ta zo. Daga baya ta fara yi mini gardama. Fuskarsa ba ta gushe ba, ina da hotonsa na katin zaɓe. Amma murya ba ta da hoto. Abin da ya fi tayar mini da hankali, muryarsa ta yi kama da ta yayansa, sai ya zama in na nemi ta Malam, ta Yaya Alhaji ce ke zuwa, tana cewa kayan mamaci ba na kowa ba ne. Sai in lallashi kaina in ce ba komai, tana cikin akwati, tana jirana.

Rabon ya ja lokaci. Wani ƙaninsu yana kudu sai an jira shi, gonaki sai an auna. Na fita takaba, bazara ta shigo, sannan aka zauna. Liman ya sa aka yi wa komai kima, ya ce rubu'i ne nawa tunda babu ɗa. Daga inda nake zaune na aika cewa a sa mini wayar a kasona. Aka aiko wai in sake tunani, ga tunkiya da 'ya'yanta biyu sun fi ta amfani. Na ce na gode, wayar nake so. Na ji wani ya yi dariya a zaure. Liman ya ce a ba ta abin da ta zaɓa, ya kuma ɗaga murya don shaidu su ji: "Ta zama tata halak malak."

Gidan ya faɗa kason 'yan'uwansa. Na kwashe komatsaina na koma Birnin Kudu gidan ƙanina, ya ba ni ɗaki a can baya kusa da inda suke ajiye hatsi. Suna kyautata mini, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma gidan wani gidan wani ne, dariyarsu ma sai ta tsallake tsakar gida kafin ta iso ni.

Ban kunna wayar a Zandam ba, na ce sai na zauna ni kaɗai na rufe ƙofa. Ranar da na tare, bayan magariba, na sa ta a caji, na yi alwala kamar mai shirin tarbar baƙo. Ta kawo haske. Na dangwala yatsa. Shiru. Na goge yatsan a zani na sake. Sai rubutu ya fito wai bayan an kashe waya an kunna, yatsa ba ya aiki sai an fara sa lambar sirri.

Na sa shekarar aurenmu. Na sa lambar babur ɗinsa. Na sa ƙarshen lambar layinsa. Ta ce in dakata. Na dakata na sake, ta ce in ƙara dakatawa fiye da na farko. Ni da na yi shekaru ina sa yara durƙuso, yau ga faranti yana sa ni. Raina ya ɓaci. Ban san abin da ya kai ni ba, na ɗauki ƙaramar wayata na kira lambarsa, ko don in ga sunana ya fito a fuskar tasa. Tasa ba ta motsa ba. A kunnena kuwa kira na shiga. Wata mata ta ɗauka, ana ta kukan jariri a bayanta.

"Wa kike nema?"

Na ce, "Mai layin."

"Ni ce mai layin. Sabo na saya."

Na ba ta haƙuri na kashe. Ashe layi in ya daɗe ba a amfani da shi sayar wa wani ake yi. Shi wannan ba a jira rabon gado ba.

Washegari na nufi rumfar wanda ya sayar masa da wayar, ƙanina ya kwatanta mini wajen. Na tarar da mai takalman roba. Ya ce ai mai wayoyin ya daɗe da tashi, wasu sun ce Kano, wasu sun ce ya bar ƙasar. Ya nuna mini wani mai gyara kusa da tasha, ya ce in shi bai iya ba, kada in wahalar da ƙafata.

Mai gyaran dattijo ne fiye da yadda na zata, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Mutane sun yi masa yawa, na zauna a benci har na yi azahar a bayan rumfar. Da layi ya zo kaina na ba shi labari tun daga gindin darbejiya. Bai katse ni ba. Ya jona wayar da kwamfutarsa, ya danna nan ya danna can, fuskarta ta koma baƙa da ƙananan rubutu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke tabarau.

"Hajiya, waya ƙofa biyu gare ta. Ta gaba ita ce lambar nan da ba ki da ita. Akwai ta baya, wadda mu masu gyara muke bi mu shiga cikinta, butloda muke ce mata. To wannan kamfanin ya sa mata kwaɗo."

"Sai ka buɗe."

"Mabuɗin yana wajensu. Da can in mai waya ya nema suna bayarwa. Yanzu sun daina, ko wa ya nema."

"Ko mai ita?"

"Ko mai ita. Kuma kada in ɓoye miki, ko da sun bayar, yadda suka gina ta, buɗe ƙofar bayan yana share duk abin da ke ɗakin. Sun ce saboda ɓarayi suka yi."

Nan fa na tashi. Na ce, "Malam, dube ni da kyau. Na yi maka kama da ɓarauniya? Mijina ya sayar da riɗinsa ya saya, bai ci bashin kowa ba. Liman da shaidu suka zauna suka ce tawa ce halak malak."

Ya ce, "Wayar ba ta san liman ba, Hajiya."

"To a ina aka taɓa sayar wa mutum jaki a riƙe igiyar? In ba sayarwa suka yi ba, su ce aro suka ba mu mana, mu san matsayinmu! Su da ba su san Zandam ba, ba su san ko ana ruwa ko ana rana a can ba, su ne za su tsare mini ƙofar ɗakina?"

Wani daga mutanen benci ya ce a yi haƙuri, Inna. Mai gyaran bai ji haushi ba, ya ce shi ma abin na ci masa tuwo a ƙwarya, wayoyi nawa ne a ƙarƙashin teburinsa lafiyarsu ƙalau, kamfani ya daina kula su, shi kuma an hana shi ya sa musu wata manhajar su ci gaba da aiki. Don ya fita haƙƙina har ya kira layin kamfanin ya sa a fili ina ji. Wata mai ladabi ta yi mini ta'aziyya da murya mai daɗi, ta ce in kai wayar ofishinsu da shaidar saye za su mayar mini da ita sabuwa. Na ce abin da ke ciki fa? Ta sake yi mini ta'aziyya.

Ya ajiye wayar a tebur ya ce, "Abin da zan iya shi ne filashin. In wanke ta tas, ta koma kamar ranar da aka saya. Ko shi ma tana iya neman asusun da aka buɗe mata, amma wannan zan san yadda zan yi. Aƙalla ki riƙe abin da ya riƙe, ki yi kira da ita. A haka dai dutse ce."

"Ba wata hanya?"

"Wataƙila nan gaba wani ya gano. Wataƙila su sauya ra'ayi."

Na san wannan wataƙilar. Shekara da shekaru likitoci da masu magani suna ba ni ita a kan haihuwa.

Gajiya ta sauko mini gaba ɗaya. Tun safe ban ci komai ba, ƙafafuna sun kumbura, ga kunyar faɗan da na yi a gaban maza. Na ce a raina, ke wai me kike riƙo? Mutum ya tafi, ƙasa ta rufe shi, kin bar tunkiya da 'ya'yanta kin ɗauko dutse. Na buɗe baki na ce, "To, in haka ne..." Ya miƙa hannu zai danna kwamfuta.

Sai wayar ta fara ruri a kan tebur.

Ba kira ba ne, ai ba ta da layi. Ƙararrawa ce. Fuskarta ta kawo haske, ga kalma ɗaya a tsakiya da ya rubuta da hannunsa: magani. Na dubi inuwar rumfa, la'asar ta yi sakaliya. Duk watannin nan tana cikin akwati a kashe, ba ta manta ba.

Mai gyaran ya kai yatsa zai kashe. Na ce, "Bar ta!" da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Muka zauna tana yi, ni da shi da mutanen benci, har ta gaji ta yi shiru don kanta. Hawaye na zuba, ban ko share ba. Na ce ya cire mini igiyarsa. Ya cire, ya goge fuskar wayar da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce kada in bari caji ya ƙare mata ƙaf, kada in bar ta a rana, don batirin a manne yake, ranar da ya kumbura sai yadda hali ya yi. Na tambayi abin da zan ba shi, ya ce in yi wa mai karatun addu'a, in sa da shi.

Bayan sallar layya Yaya Alhaji ya zo Birnin Kudu ya biyo ya gaishe ni, da ƙullin gyaɗa. Ya tsufa sosai. Da ya yi sallama gabana ya faɗi, saboda muryar. Muna cikin gaisawa ya ce, "Wayar tana aiki dai ko? Na adana miki ita da kyau." Na ce, "Tana aiki, Yaya. Allah ya saka da alheri." In na gaya masa abin da kashewar nan ta jawo, mutumin nan ba zai ƙara barci mai daɗi ba har ya mutu, kuma ba zai buɗe mini komai ba. Haushin yana nan a ƙirjina, na rasa inda zan sauke shi. Wanda ya kashe wayar don Allah ya yi. Waɗanda suka riƙe mabuɗin kuwa ban san fuskarsu ba, balle in je in zazzage musu.

Yanzu ni ma an ɗora ni a kan maganin hawan jini, ba na kuma bukatar wani ya tuna mini. Wayar tana nan a kan taga, cikin safar hannu ta ulu da na saƙa mata. In an kawo wuta ita nake fara sa wa caji kafin tawa. Kwanan nan na lura bayanta ya fara ɗagowa kaɗan ta gefe ɗaya, in na danna sai ya dawo. Ban kai wa mai gyaran ya gani ba, na san abin da zai ce.

Muryar kuwa ta tafi daga kaina. Na yi ta nema na rasa. Abin da ya rage mini shi ne wuraren da yake tuntuɓe. In ina nawa karatun na iso wata aya, sai in ji harshena ya tsaya haka kawai, in koma baya in sake, alhali ni ban taɓa kuskure a wajen ba.

Kullum da la'asar sakaliya tana bugawa, da kiɗan da kamfani ya sa mata. In ce, "Likita ya kira, Malam." In haɗiyi ƙwayata da ruwan moɗa. In ta yi shiru sai in kara ta a kunne, ko da yake na san ba abin da zai fito. Yana ciki yana karatu yana tari, ina ciki ina yi masa maganar daddawa. An kulle mu tare mu biyu a gindin darbejiya, ni kuma ga ni a waje.